Tafiya Mai Nisa da Motar Lantarki a Gana: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da motocin lantarki suka fara bayyana a titunan Accra, wadda mu mutanen zango muke kira Ankara, duk wanda ya ga ɗaya an faka ta a bakin masallaci a Nima ko Madina tambaya guda yake fara yi: "To, za ta kai Kumasi?" Tambayoyin da ke ƙasa na tattara su ne daga bakin 'yan'uwa da abokan kasuwanci da direbobi, na kuma amsa su bisa abin da lissafi ya nuna da abin da na gani da idona a kan hanya.

Shin motar lantarki za ta iya zuwa Kumasi daga Accra da caji ɗaya?

Wasu za su iya, wasu ba za su iya ba, kuma girman batir ne yake raba gardama. Tsakanin biranen biyu akwai kimanin kilomita 250 idan aka bi babbar hanyar N6, wadda ta bi ta wajen Nsawam da Suhum da Anyinam da Nkawkaw da Konongo kafin ta shiga Kumasi ta Ejisu. Ana auna batirin mota da kilowat-awa, kuma kilowat-awa ɗaya shi ne daidai yunit ɗaya na wutar da mitar ECG, kamfanin rarraba wutar lantarki na Gana, take ƙirga wa mutum a gida. Matsakaiciyar mota a kan babbar hanya, da iyakwandishan a kunne, takan ci yunit 16 zuwa 19 a kowane kilomita 100. Idan muka ɗauki 18, tafiyar Kumasi za ta ci yunit 45.

Saboda haka motar da batirinta yake ɗaukar yunit 60, kamar BYD Atto 3 mai babban batir, ko Hyundai Kona mai 64, za ta isa da ragowar kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye da haka kaɗan. Nissan Leaf mai yunit 40 ba za ta kai ba sai an ƙara mata wuta a hanya, balle tsohuwar Leaf mai 24, wadda ko tana sabuwa ba ta wuce kilomita 135 ba a gwajin Amurka. Ita ta zirga-zirgar cikin gari ce, daga Madina zuwa Makola a dawo.

Sai dai isa Kumasi rabin tafiya ne. Wanda ya shiga unguwar Aboabo ta Kumasi da kashi 25 cikin 100 na batir yana bukatar a mayar masa da yunit 45 kafin ya juyo, kuma a nan ne mafi yawan masu sabuwar mota suke gane cewa tambayar da ya kamata su fara yi ita ce inda motar za ta sha wuta idan an isa.

Me ya sa kilomitan da mai sayarwa ya faɗa ba sa cika?

Lambar da ke jikin takardar talla ba ƙarya ba ce, amma a ɗakin gwaji aka samo ta, kuma kowane yanki na duniya da irin gwajinsa. Na China, wanda ake kira CLTC, shi ne ya fi kowanne yalwata lamba, domin matsakaicin gudun da ake yi a cikinsa bai kai kilomita 30 a awa ba, wato tafiyar cikin gari ce mai yawan tsayawa, wadda motar lantarki ta fi jin daɗinta. Na Turai, WLTP, ya fi shi tsanani, na Amurka kuma, EPA, shi ne ya fi kusa da abin da direba zai gani a zahiri. Misali ɗaya ya isa: motar da ake sayarwa a China da sunan Yuan Plus, a Turai kuma da sunan Atto 3, batirinta ɗaya ne, amma takardar China tana cewa kilomita 510, ta Turai tana cewa 420.

Ni ƙa'idar da nake bi ita ce, idan lambar ta China ce in ɗauki kashi biyu cikin uku, idan ta Turai ce in ɗauki huɗu cikin biyar. Duka biyun za su kawo mutum wajen kilomita 340 a wannan motar, kuma daga cikin wannan ma dole a ware abin da ba za a taɓa ba saboda halin hanya. Haka nan kada a dogara da kilomitan da allon mota yake nunawa, domin hasashe ne kawai, wasu motocin China ma suna lissafa shi ne bisa gwajin ƙasarsu har sai an canza saitin. Abin da ya fi gaskiya shi ne adadin kashin da ya rage a batir, a riƙa kwatanta shi da nisan da aka riga aka ci.

Mene ne ya fi cinye batir a kan hanya?

Gudu. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi: idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar takan ninka sau huɗu. Wanda ya tashi daga kilomita 90 a awa ya koma 120 ya ƙara wa motarsa turjiyar iska da kusan kashi 80 cikin 100, alhali a hanya irin ta Kumasi, mai manyan motocin kaya da tudun rage gudu a kowane ƙauye, ɗan lokacin da zai rage bai taka kara ya karya ba. Dokar hanya ta Gana ma kilomita 90 ta yarda da shi a manyan hanyoyi, 50 a cikin gari, 100 kuma a kan titin Accra zuwa Tema. Yawan take totur don wuce tirela sannan a taka birki a bayan wata shi ma yana ci, ko da yake bai kai dogon gudu ba.

Iyakwandishan lissafinsa na lokaci ne, ba na nisa ba. Yakan ci yunit ɗaya zuwa biyu a awa, ya danganta da zafin rana, don haka tafiyar awa biyar za ta iya ɗaukar yunit biyar zuwa goma. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya kashe shi ya gasa iyalinsa ba; rage gudu da kilomita goma ya fi wannan amfani. Cunkoso kuwa, irin wanda ake sha a Amasaman da yamma, ba ya cutar da motar lantarki kamar yadda yake cutar da ta fetur, domin idan ta tsaya cak babu injin da yake ci gaba da juyawa, iyakwandishan ne kawai yake sha.

Kayan da aka ɗaure a saman mota, buhun masara ne ko akwatunan lefe, suna ɓata lissafi fiye da nauyinsu, saboda iskar da suke tarewa. Tayar da iskarta ta ragu ita ma ɓarauniya ce. Hawa kuma bai kai yadda ake tsoronsa ba. Kumasi ta fi Accra tudu da kimanin mita 250, kuma ɗaga mota mai tan biyu zuwa wannan tsayin bai wuce yunit ɗaya da rabi ba, wanda wani sashe nasa yake dawowa a gangara, saboda motar lantarki tana mayar da ƙarfin rage gudu ya zama caji. Wanda yake son ya ga wannan da idonsa ya hau Aburi ya gangaro ta Peduase zuwa Ayi Mensah ƙafarsa a ɗage: allon zai nuna wuta tana komawa batir har ya sauka.

Awa nawa caji yake ɗauka, kuma mene ne caji mai sauri?

Hanyoyin caji uku ne. Ta farko ita ce soket ɗin bango na gida, mai baki uku, wanda wutarsa bolt 230 ce. Cajar da take zuwa da mota takan ja kimanin kilowat 2.3 daga gare shi, wato mayar da yunit 45 zai ɗauki awa ashirin da wani abu. Ta biyu ita ce akwatin caji da ake kafawa a bango da layinsa na musamman daga mita, mai kilowat 7.4, wanda zai yi wannan aikin cikin awa shida zuwa bakwai, daga bayan isha zuwa asuba. Waɗannan biyun wutar AC suke bayarwa, irin wadda take zuwa gidaje, motar ce take juya ta zuwa DC, irin wadda batir yake ajiyewa, da wata na'ura da ke cikinta, kuma ƙarfin wannan na'urar shi ne iyaka. Motar da na'urarta kilowat 7 ce ba za ta sha fiye da haka ba ko an haɗa ta da akwati mai 22.

Ta uku ita ce caji mai sauri, inda babbar na'urar tasha take juya wutar da kanta ta zuba DC kai tsaye cikin batir. Akwai masu kilowat 30, akwai 50 da 60, akwai 120 zuwa sama. Na'ura mai 50 za ta ɗaga batir mai yunit 60 daga kashi 10 zuwa 80 cikin kimanin awa ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, mai 120 kuma za ta iya yin sa cikin minti talatin zuwa arba'in, idan har motar tana karɓar wannan ƙarfin, domin kowace mota da nata iyakar. Ga matafiyi wannan lokacin ba asara ba ne idan ya tsara shi: alwala, sallah, farantin shinkafa da wake, kafin ya wanke hannu mota ta shirya.

Me ya sa ake cewa a tsaya a kashi 80?

Saboda daga nan saurin yake faɗuwa. Batir kamar masallaci ne ranar Juma'a. Waɗanda suka zo da wuri suna shiga kai tsaye su zauna inda suka ga dama, amma idan sahu ya cika, kowane mutum ɗaya sai ya tsaya yana neman gurbi. Motar da kanta take rage wutar da take karɓa don kada batir ya yi zafi ya lalace, har ta kai cewa kashi ashirin na ƙarshe yakan ɗauki lokacin da ya kusa na kashi hamsin na farko. Idan akwai wani a layi, cire mota a kashi 80 ladabi ne. Amma idan gaba babu wata caja sai inda za a sauka, a haƙura a cika, domin wannan ƙa'idar an yi ta ne a ƙasashen da ake samun tasha kowane ɗan nisa.

Kowace mota tana shiga kowace caja?

A'a, kuma a ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai shirin sayen mota a Gana. Motocinmu daga ko'ina suke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema, kowace da irin bakin cajarta. Waɗanda aka ƙera don kasuwar China suna da GB/T. Na Turai suna da CCS2. Yawancin na Amurka da Kanada suna da CCS1, in ban da Tesla, wadda take da nata na daban da yanzu ake kira NACS, wanda wasu sababbin motocin can su ma suka koma kansa. Tsofaffin samfuran Nissan Leaf kuma CHAdeMO suke amfani da shi wajen caji mai sauri, tsarin Japan ne da yake ta raguwa a duniya. Sunan kamfani ba ya nuna irin bakin: Volkswagen ID.4 da aka ƙera a China GB/T gare ta, 'yar'uwarta ta Jamus kuma CCS2.

Akwai adafta, amma iri biyu ce. Ta cajin AC mai sauƙi ce, ba ta da tsada. Ta caji mai sauri, musamman wadda take haɗa motar GB/T da na'urar CCS2, tana da kwamfuta a cikinta da take fassara tsakanin mota da na'ura, tana da tsada sosai, kuma ba da kowace na'ura take jituwa ba. Wanda ya dogara da ita ya gwada ta a cikin gari kafin ya fita da ita daji. Kafin a biya kuɗin mota, a buɗe murfin wurin caji a ɗauki hotonsa, a je tashar da ake sa ran amfani da ita a kwatanta.

Gargaɗi ɗaya ga masu shigo da mota daga Amurka: wutar gidajensu bolt 120 ce, kuma wasu cajojin da suke zuwa a but ɗin mota ita kaɗai suka sani. A karanta rubutun da ke bayan cajar kafin a soka ta a bangon Gana, in ba haka ba za ta ƙone tun daren farko.

Ina ake samun tashoshin caji mai sauri?

Mafi yawansu a Accra da kewayenta suke, a harabar manyan shaguna da wasu gidajen mai da otal-otal da wuraren dillalan mota; cikin wuraren caji na farko da jama'a suka sani akwai na A&C Mall a East Legon. Da zarar an bar Accra sai su yi ƙaranci ƙwarai. Ana ƙara sababbi, wasu kuma suna lalacewa su daɗe ba a gyara ba, don haka alamar da manhajar waya ta nuna a taswira ba hujja ba ce. Abin yi shi ne a buga waya ranar tafiya a yi tambaya huɗu: na'urar tana aiki yau, wane irin baki gare ta, kilowat nawa ce, kuma ta yaya ake biya, da kuɗin waya ko da manhaja ko a hannu.

Na koyi wannan ne da wahala. Mun tafi ɗaurin aure Kumasi da kawuna, mun bar Madina bayan asuba da batir cike, muka wuce Ejisu da kashi 27. Na nufi wani wuri da taswira ta nuna akwai caja mai sauri. Muka tarar da ita tsaye a kusurwar harabar, allonta baƙi ƙirin, an ɗaure kan cajar da leda, maigadi yana zaune kusa da ita yana sauraron rediyo. Ya ce ta kwana biyu a haka. Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, wannan ce rijiyar da ka ce za mu sha?" Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, laifina ne da ban buga waya ba." A ƙarshe a gidan 'yan'uwa a Asawase muka zura waya ta tagar ɗakin baƙi, motar ta kwana biyu tana tsotsar wuta a hankali, aka ɗauke wuta na wasu awoyi a tsakani, Kawu kuma ya bi bas ya riga ni komawa. Tun daga ranar ba na fita sai da wuri biyu a hannu, na farko da wanda zan koma idan na farkon ya ƙi, kuma cajar gida ba ta barin but.

Arewa fa: Tamale, Bolgatanga, Bawku?

Nan lissafi yake canzawa. Daga Kumasi zuwa Tamale kimanin kilomita 380 ne ta Techiman da Kintampo da Buipe, wato yunit 68 a lissafinmu na ɗazu, wanda ya wuce abin da batir mai 60 yake ɗauka gaba ɗaya. Daga Tamale zuwa Bolgatanga akwai ƙarin kimanin kilomita 160. Wanda ba shi da tabbacin caja mai sauri a tsakiya, tafiyar da motar fetur take yi a wuni ɗaya za ta zama ta kwana biyu ko uku, ana kwana a Techiman ko Kintampo ana caji a masauki da izinin mai shi. Ana iya yin haka, amma ga mai zuwa gaisuwar rasuwa ko mai son ya riski sallar Idi a gida, shawarata ita ce ya bar motar lantarki a gida ya shiga bas ɗin STC ko VIP. Haka ma mai tsallaka iyaka ta Paga ko Aflao zuwa Nijar ko Najeriya. Hanyar gaɓar teku ta fi sauƙi: Cape Coast kimanin kilomita 150 ce daga Accra, don haka babban batir zai kai cikin kwanciyar hankali, ko da yake zuwa da dawowa ba tare da ƙari ba ya yi kusa da iyaka fiye da yadda hankali zai kwanta.

Ina zaune a gidan haya a zango, mitarmu ɗaya da maƙwabta. Zan iya riƙe irin wannan motar?

Wannan ita ce matsalar da masu talla ba sa ambata. Ribar motar lantarki tana ga wanda yake cajinta a inda take kwana, alhali da yawa daga cikinmu a Nima da Maamobi da Sabon Zango mota ba ta ma shiga lungunmu, a gidan mai ko filin makaranta take kwana a hannun maigadi. Inda kuma take shiga, gida ne mai ɗakuna goma da mita ɗaya, ana raba kuɗin wuta bisa yawan ƙwan fitila da firji. Mota ɗaya mai yin kilomita 40 a rana za ta sha yunit 200 ko fiye a wata, kuma da yake farashin wutar gida hawa-hawa ne, wanda ya fi sha ya fi biyan tsada a kan yunit, za ta iya tura gidan duka zuwa mataki na sama. Rigimar da za ta biyo baya ba sai an faɗa ba. Mafita ita ce mita ta daban da sunan mai motar, ko yarjejeniya da wurin aiki ko shagon da yake da layi mai ƙarfi.

Ko da mitar ta mutum ce shi kaɗai, a kira ƙwararren mai aikin wuta ya duba wayoyin. Caji yana jan wuta mai yawa na awoyi ba hutawa, abin da tsofaffin wayoyi da soket mai arha ba su saba da shi ba. Kada a yi amfani da doguwar wayar ƙari ta kasuwa, kada a bar ta a naɗe, kuma a taɓa soket bayan awa ɗaya. Idan ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a cire. Yawancin cajoji ma ba sa fara aiki idan gidan ba shi da wayar da take sauke wuta ƙasa.

Idan aka ɗauke wuta fa?

Duk wanda ya rayu a shekarun dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wuta, daga 2012 zuwa 2016, yana da haƙƙin yin wannan tambayar. Ga zirga-zirgar yau da kullum abin bai kai yadda ake zato ba, domin batir mai yunit 60 yana ɗaukar mai yin kilomita 40 a rana kusan mako guda, don haka duk daren da aka samu wuta sai a ƙara. Daren da za a yi doguwar tafiya ne abin tsoro, shi ya sa ya kamata a cika batir tun kwana biyu kafin ranar. Janareta mai ƙarfi da tsabtatacciyar wuta yana iya caji a hankali idan ta ɓaci, amma ƙona fetur don a cika batir ya rushe dalilin sayen motar. Wasu motocin, irin su Atto 3 da Hyundai Ioniq 5, suna iya ba da wuta waje, har su riƙe firji da fanka da fitilun gida idan unguwa ta yi duhu.

Da gaske ta fi fetur arha?

Farashin fetur yana motsi kowane mako biyu, na wuta kuma hukumar PURC tana sake duba shi lokaci zuwa lokaci, don haka gara mutum ya riƙe hanyar lissafi. Motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 20 zuwa Kumasi. Ta lantarki za ta ci yunit 45, a ƙara kamar kashi goma na abin da yake salwanta wajen caji, ya zama 50. A ninka lita 20 da farashin gidan mai, a ninka yunit 50 da farashin da ke kan rasit ɗin wuta, a kwatanta sidin da suka fito. Mai caji a gida zai ga rata mai faɗi. Mai dogara da tashar caji mai sauri zai ga ratar ta ragu, domin mai tashar yana biyan farashin 'yan kasuwa, yana kuma neman mayar da kuɗin na'urarsa. Babu canjin man inji, babu fulogi, birki kuma yana daɗewa, amma taya tana saurin cinyewa saboda nauyin batir.

Akwai sassaucin kwastam?

Hukumar makamashi ta ƙasa ta fara kamfen ɗin ƙarfafa amfani da motocin lantarki a 2019, kuma an ƙaddamar da manufar ƙasa kan su a taron sauyin yanayi na COP28 a Dubai a Disamban 2023. Kasafin kuɗin 2024 ya ba da sanarwar yafe harajin shigo da kaya na shekara takwas ga motocin lantarki na jigilar jama'a da kuma sassan da kamfanoni masu rajista suke shigowa da su don harhaɗawa a cikin gida. Motar hawa ta mutum ɗaya ba ta cikin wannan sanarwar, don haka a sa wakilin fito ya fitar da lissafin kwastam a rubuce kafin a tura kuɗi waje.

Zafin ƙasarmu ba ya kashe batir? Me zan duba a tsohuwar mota?

Zafi yana tsufar da batir, musamman idan ya haɗu da cikakken caji da aka bari ya daɗe. Yawancin motocin yanzu suna sanyaya batirinsu da ruwa, don haka suna jurewa. Leaf ta tsofaffin samfura ba ta da wannan tsarin, shi ya sa batirinta yake saurin raguwa a ƙasashe masu zafi, kuma idan aka yi mata caji mai sauri sau biyu a tafiya ɗaya, na biyun yakan ja lokaci saboda batirin bai huce ba. Batir nau'in LFP, wanda BYD take amfani da shi, ya fi haƙuri da zafi da cikawa zuwa 100. Sauran nau'o'in gara a tsaya a 80 a ranakun da ba a tafiya. A nemi inuwa wajen fakawa, musamman a Tamale a watan Maris.

A tsohuwar mota, kilomitan da ta yi ba su kai lafiyar batirinta muhimmanci ba. Ana iya karanta wannan da ƙaramar na'urar da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari. Leaf ma tana nuna shi a allo da sanduna goma sha biyu. Garantin batir da kamfanoni suka saba bayarwa shi ne shekara 8 ko kilomita 160,000, amma sau da yawa ba ya bin motar da aka fitar daga kasuwar da aka sayar da ita. A kuma yi hattara da motocin gwanjon inshora na Amurka. Wadda ta yi karo a gefe ana iya gyara ta, amma wadda ambaliya ta shanye, musamman ruwan gishiri, batirinta yana iya kamawa da wuta bayan makonni, ko da an wanke ta tana ƙyalli.

Ruwan sama da ramuka fa?

Ana tuƙa ta a cikin ruwan sama, ana kuma cajinta, domin an rufe batir da bakin caja yadda ruwa ba ya shiga. Ambaliya irin wadda take cika Circle da Kaneshie a watan Yuni wani abu ne daban, kuma babu motar da ya kamata a tura cikinta. Abin da ya fi damuna shi ne ƙasan motar, domin batir a shimfiɗe yake a ƙarƙashin kujeru. Idan dutse ko tudun rage gudu ya doke shi da ƙarfi, a kai a ɗaga motar a duba ko da tana tafiya lafiya.

Makanikan Suame Magazine da Abossey Okai suna gyara ta?

Abin da ya shafi taya, birki, ƙafa da jiki, duk makanikin kirki zai yi. Abin da ya shafi wayoyi masu launin ruwan lemo kuwa, wutar da ke cikinsu takan kai bolt 400, a wasu motocin har 800, tana kisa nan take, kuma sai wanda aka horar yake taɓa su. A tambayi mai sayarwa wanda zai duba wannan ɓangaren da inda kayan gyaransa suke fitowa tun kafin a saya.

Idan batir ya ƙare a tsakiyar hanya, me zan yi?

Mota ba ta mutuwa farat ɗaya. Tana fara gargaɗi tun da sauran kashi goma ko fiye, sannan ta rage ƙarfi, a motoci da yawa har hoton kunkuru yake fitowa a allo. Da ganin lissafi ba zai kai ba, tun da sauran nisa, a sauke gudu zuwa 60 ko 70, a kashe iyakwandishan, a nufi gari mafi kusa maimakon a yi ta addu'a ana wuce garuruwa. Duk inda akwai soket mai kyau, masauki ne ko gidan mai ko shagon walda, awa uku da cajar gida za su ba da kimanin yunit shida, wato kilomita talatin da ɗoriya idan an tafi a hankali. A yi ciniki da mai wurin tun kafin a soka, a biya shi abin da ya fi kuɗin wutarsa.

Idan ta riga ta tsaya, kada a ɗaure ta da igiya a bayan trotro, domin tayoyin da injin lantarki yake juyawa idan suka yi ta birgima a ƙasa suna haifar da wuta da zafin da za su iya lalata na'urorin motar. Motar ɗauka mai shimfiɗaɗɗen baya ake kira, a ɗora ta gaba ɗaya, kuma yana da kyau lambar irin wannan direban ta kasance a waya tun kafin a bar gida. Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota, wanda shi ne yake tayar da kwamfutar motar ya buɗe wa babban batir hanya. Idan shi ne ya mutu, mota ba za ta tashi ba ko babban yana cike, kuma maganinsa wayar haɗa batir ce ta yau da kullum da kowane direban tasi yake da ita a but.